Yadda Na Je Maroko Auna Duniyar da Ba a Gani

Tun da na dawo daga Maroko ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a bakin coci, har a tasha in na je shiga mota, sai wani ya riƙe mini hannu ya ce, "Ticha, wai me kuka je yi can? An ce ka ga wata duniya." Na daɗe ina ba mutane haƙuri, ina cewa labarin bai ƙare ba tukuna. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce ai dama malamin Fiziks ba ya ba da amsa sai ya wahalar da mutum. Gaskiyar magana, tafiyar ba ta ƙare ranar da na sauka daga mota ba, sai kwanan nan ta ƙare a bayan gidanmu na Dabai. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tare ni sai in miƙa masa ya karanta, in samu in ci tuwona da zafinsa.

Sunana Ishaya, ina koyarwa a wata sakandare a nan Zuru. Wata ƙungiyar masana taurari ce ta gayyaci malaman sakandare daga ƙasashen yammacin Afirka, za a koya mana yadda ake gano duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, ba ranarmu ba, da yadda ake auna su. Sharaɗin a fili yake. Wanda ya fitar da awo mai kyau da hannunsa, za a ba shi aron ƙaramin madubin hangen taurari da kyamararsa ya tafi da su gida. In ya sake turo awo mai kyau daga garinsu kafin shekara ta fita, madubin ya zama na makarantarsa. Wanda bai iya ba kuwa, ya koma gida da hotuna a waya.

Kafin in tashi na je Dabai sallama da Baba. Tsohon saja ne, ya zaga ƙasashe da kaki, yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance komai sai haske da duhu. Na yi masa bayanin sharaɗin, ya saurara har ƙarshe kamar ana ba shi oda.

"A ƙasan nan tamu kowane gida akwai wanda ya je nesa," in ji shi. "Ni na je, kawunka ya je. Me munka kawo? Labari. Labari kuwa, in mai shi ya mutu tare ake binne su. Kai ka kawo mini abin da zan taɓa da hannuna."

Daga nan ya sa aka buɗe akwatin ƙarfensa aka ciro kwat ɗinsa na soja, irin dogon nan mai nauyi da ke kaiwa gwiwa, yana warin kafur. Lokacin bazara ne, zafin Zuru yana dafa ƙwai. Na ce, "Baba, an ce akwai abin ɗumama ɗaki a can." Ya ce, "Ka taɓa kwana kan dutse a ƙasar wasu?" Na ce a'a. Ya ce, "To ɗauka." Matata Saratu kuma ta cusa mini kilishi da ƙuli-ƙuli da kwalbar yaji a jaka, wai ta ji an ce Larabawa ba su san barkono ba.

Kwat ɗin ya ƙi shiga jaka, sai na rungume shi a cinya tun daga tashar Zuru. Kafin mu kai Rijau na jiƙe sharkaf da zufa. Wata tsohuwa da ke gefena ta daɗe tana kallona, can ta ce, "Ɗana, zazzaɓi ne?" Na ce tafiya ce zan yi inda ake sanyi. Ta ce, "Jos?" Na ce gaba da Jos. Ta gyaɗa kai cikin tausayi, ta ba ni gyaɗa. A Kontagora muka sauya mota, taya ta fashe mana bayan Tegina, muka isa Abuja jiki duk ya yi tsami. Masauki bai zame mini matsala ba. Mutumin Zuru ba ya rasa wurin kwana a garin da ke da bariki, ɗan ƙanen Baba ne ya ba ni katifarsa ya kwana a tabarma.

Jirgi ya sauke mu a Kasabalanka. A wurin duba fasfo ma'aikacin ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce masa da Turanci na zo auna duniyoyi. Ya ɗago kai ya dube ni, ya dubi kwat ɗin, ya zuba mini Faransanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce a hankali, "Yau na ga ta kaina." Sai na ji murya a bayana: "Kai Bahaushe na? Mi yaka tambayarka?"

Wani dattijo ne dogo siriri, da farin gemu da hula. Malam Haruna ke nan, malamin kimiyya daga Dogondutsi ta Nijar, shi ma taron nan ya zo. Ya matso ya yi wa ma'aikacin bayani da Faransanci, aka buga mini hatimi. A wurin duba kaya aka karɓe kilishin, domin ba a shiga da nama. Yajin kuwa, wani ma'aikaci ya buɗe kwalbar ya kai hanci don ya tabbatar. Atishawa ya yi ta jerowa har abokan aikinsa suna riƙe ciki, ya rufe ya miƙo mini da hannu biyu. Malam Haruna ya ce, "Ƙanena, yajinka ya samu biza."

Daga can jirgin ƙasa muka hau zuwa Marakish, sannan wata ƙaramar bas ta ɗauke mu zuwa saman dutse. Ni ɗan ƙasar duwatsu ne, na ɗauka na san dutse. Ashe namu tsibin doya ne. Hanyar tana lanƙwasa kamar igiyar guga, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami, direban kuma yana tuƙi da hannu ɗaya yana nuna mana ƙauyensu da ɗayan. Malam Haruna ya ja carbi, ni na yi tawa addu'ar, ba wanda ya tsokani wani. Da muka sauka na ga ƙanƙara fara fat kwance a gefen hanya. Ban jira an ce mini ba na zura kwat ɗin Baba.

Masaukin ginin dutse ne, ɗaki ɗaya ni da Malam Haruna, da barguna masu kauri da hitar lantarki mai ɗumama ɗaki a gefen gado. Mutanen wurin suna da kirki, sai dai gaisuwarsu ta ba ni wahala. Namiji ya rungume ka ya kai kumatunsa ga naka dama da hagu, amma ba zai tambaye ka gajiya ko iyali ko labarin ruwa ba. Mu namu a baki yake, nasu a kumatu. Abinci kuwa burodi ne da safe, burodi da rana, burodi da dare, shi ne cokali shi ne tuwo. Suna dafa nama a wata tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa, su zuba masa busassun 'ya'yan itace, sai ka ji nama da zaƙi kamar an yi kuskure. Ranar Juma'a aka yi kuskus, wanda ba shi da maraba da burabuskonmu, ranar na ci na ƙoshi. Sauran ranakun yajin Saratu ne ya cece ni, har malaman Senegal da Gana suka riƙa zagayowa teburinmu da farantansu.

Mai dafa mana abinci ya ji ina amsa sallama daidai, sai ya kawo mini darduma. Malam Haruna ya gaya masa ni Kirista ne, amma kawuna Alhaji ne, kuma gida ɗaya muke, tukunya ɗaya. Mutumin ya juya maganar a ransa, sannan ya ƙara mini shayi. Shayin nasu da na'ana'a ne, sukari kamar ba gobe, kuma daga sama suke tsiyayo shi sai ya yi kumfa.

Mai koya mana wata mata ce 'yar ƙasar, Dakta Nadiya, gajeruwa, ba ta da yawan dariya kuma ba ta da faɗa. Ranar farko ta ce mu cire rai da ganin wata duniya da ido. Tauraro yana da haske, duniyar da ke kewaya shi ba ta da nata, kuma nisan ya wuce misali. Abin da ake yi shi ne a tsare tauraron. In duniyar ta gitta ta gabansa, haskensa zai ragu kaɗan, in ta wuce ya koma yadda yake. Raguwar ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ma sai in duniyar ƙatuwa ce. Na ce a raina, wannan kamar a ce fara ta gitta gaban fitilar mota can a garin Bena, kai kana Zuru ka ce ka lura. Ido ba ya iyawa, amma kyamara tana iyawa in ta yi ta ɗaukar hoto ba tsayawa, kwamfuta kuma ta gwada hasken tauraron da na maƙwabtansa. In duka suka dushe tare, gajimare ne. In shi kaɗai ya dushe, akwai magana.

Daga wannan 'yar raguwa ake fitar da abubuwa da yawa. Zurfinta yana gaya maka girman duniyar in an gwada ta da tauraronta. Tazarar da ke tsakanin gittawa da gittawa ita ce tsawon shekararta, daga nan kuma a san nisanta da tauraron, a ƙiyasta zafinta. Nauyinta sai da manyan na'urori, domin duniyar tana jan tauraronta yana ɗan rangaji gaba da baya, ana gane hakan a launin haskensa. In aka haɗa girma da nauyi sai a san ko dutse ce irin tamu, ko iska ce ta dunƙule. Namu aikin shi ne girma da lokaci. Ta ce masu manyan madubai suna bukatar sanin daidai lokacin da kowace duniya za ta gitta, lissafin kuma yana zamewa in ba a sake aunawa, ga shi a yankinmu masu aunawar ba su da yawa.

Wani malami ya tambaya ko gani ɗaya ya isa a ce an gano sabuwar duniya. Ta ce a'a, sai an ga raguwar ta dawo, ta sake dawowa, a kan lokacinta. Nan na fahimce ta sosai. A wurinmu Lelna, mutanen ƙasar Zuru, saurayin da ke golmo, wato noman neman aure, ba a ba shi mata don ya yi wa surukai noman damina ɗaya, sai an ga ya dawo, ya kuma dawo. Na gaya wa Malam Haruna, ya fassara mata, ranar na fara ganin haƙoranta.

Aikin dare ne, ba yadda za a yi. Aka raba mu biyu-biyu, kowane biyu da ɗan ɗakinsu mai ƙubba da ake buɗe rufinta madubi ya leƙa sama. Ni da Malam Haruna aka haɗa, awo ɗaya za mu fitar, in ya yi kyau kowa da madubinsa, in ya lalace mu duka mun rasa. Dokar da Dakta ta nanata ita ce ta haske: ba farar tocila, ba hasken waya, sai 'yar jar fitila. Muka kiyaye wannan kamar dokar soja.

Daren da duniyar da aka ba mu mu auna za ta gitta, muka saita komai tun da wuri, kyamara ta fara aiki. Sanyin wurin ba irin wanda na sani ba ne, ta cikin ƙashi yake bi. Ni ina cikin kwat, Malam Haruna kuwa rigar sanyinsa ta kanti ce. Ya fara tari, na ji haƙoransa suna haɗuwa, yana ta murza gwiwa. A gidanmu yaro ba ya zama babba na rawar sanyi a gabansa. Ba a ma tambayar babban, domin in ka tambaya cewa zai yi ba komai, sai dai kawai ya ga kaskon wuta a gaban ƙafarsa. Da haka aka raine ni. Na tashi na je ɗakinmu na ɗauko hitar nan, na jona ta a gaban ƙafafunsa, daidai ƙarƙashin madubin. Ba ta da haske, don haka a ganina ban karya doka ba. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ƙanena." Muka ƙarasa daren cikin ɗumi muna hira, har ina jin na yi abin kirki.

Da gari ya waye aka zuba awon kowa a kwamfuta. Na malaman Senegal ya fito layi miƙaƙƙe, ya faɗa ƙasa kaɗan, ya yi tafiya, ya hau ya miƙe. Namu kuwa ɗige-ɗige ne warwatse kamar an watsa wa kaji gero. Dakta ta duba saitinmu ba ta ga kuskure ba. Ta tambaya ko mun taɓa madubin, muka ce a'a. Ta ce mu je ɗakin. Tana buɗe ƙofa ta ga hitar a inda na bar ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce iska mai zafi tana tashi sama, kuma ba ta da hanyar fita sai ta bakin ƙubbar, wato ta gaban madubin. Duk daren tauraron yana rawa a cikinta, yadda abu ke rawa in ka hange shi ta saman wuta. Ni da nake koya wa yara wannan darasi kowace shekara, har ina ba su misali da kwalta da tsakar rana, ni ne na yi wannan. Ta ce, "Na yi maganar fitila ban yi maganar hita ba, domin ban taɓa tunanin wani zai ɗauko ta ba." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni kaɗai na jawo wa ba. Malam Haruna ya kusa ritaya, ya gaya mini wannan madubin ne abin da yake so ya bar wa makarantarsa. Amma shi cewa ya yi, "Dakta, mu biyu munka sha ɗumin, mu biyu za a yi wa faɗa."

Duniya ba ta gittawa don kana sauri. Wadda muka rasa ba za ta sake gittawa da dare ba sai bayan mun tafi. Dakta ta duba lissafinta ta samo mana wata, wadda za ta gitta gab da ƙarshen zamanmu, ta ce daga ita babu wata. Kwanakin da ke tsakani ban ji daɗin burodi ba ban ji daɗin shayi ba. Ina kwanciya sai in ji muryar Baba yana cewa me munka kawo.

Ranar da yamma gajimare ya taru a kan dutsen, na ce shi ke nan. Bayan magariba iska ta kore shi. Kafin mu shiga ɗakin na tuɓe kwat ɗin na ɗora wa Malam Haruna. Ya fara gardama, na ce, "Malam, na mahaifina ne, kuma da yana nan shi zai ba ka da kansa." Sai ya zura hannu. Ni na naɗe da bargunan gadonmu kamar gawa. Ko shayi ba mu shiga da shi ba don tsoron tururi.

Wahalar aikin ita ce ba abin kallo. Dole ka fara tun kafin duniyar ta shiga, ka ci gaba har bayan ta fita, domin sai da miƙaƙƙen layi gaba da baya ake gane zurfin ramin. Tauraron a fuskar kwamfuta ɗigo ne fari, bai canza ba a idona daga farko har ƙarshe. Yatsun ƙafata suka daina ji. Malam Haruna ya ce, "Wanga aiki awa tsaron gona, ɓarawon ma ba ka ganin shi." Can ɗige-ɗigen awon suka fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, na maƙwabtan suna nan a miƙe. Namu suka yi tafiya a ƙasa, suka hau, suka miƙe. Na ji ƙwalla ta zubo mini, ban sani ba ko ta sanyi ce ko ta murna, ina jin duka biyun ne.

Da safe muka yi lissafi da hannunmu. Hasken ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wato faɗin duniyar kamar ɗaya bisa goma ne na tauraronta. Tauraron kuwa sa'an ranarmu ne, don haka duniyar ta kai girman Mushtari, mafi girma a duniyoyin da ke kewaya ranarmu. Shekararta 'yan kwanaki ce kawai saboda kusancinta da shi, zafin da ke can kuwa ba a magana. Ba mu ne muka gano ta ba, an daɗe da saninta, amma awonmu ya zo daidai da na masana. Dakta ta duba ta ce, "Ya yi." Iyakar yabon ke nan, kuma ya ishe ni.

Muka rabu da Malam Haruna a filin jirgi, kowa da dogon akwatinsa. Ya mayar mini da kwat ɗin a ninke, ya ce in gaya wa Saja wani tsoho a Dogondutsi yana gaishe shi.

Dawowa lafiya lau har sai tsakanin Kontagora da Rijau, inda sojoji suka tsayar da mu a shinge. Wani kofur ya ce a buɗe akwatin. Yana ganin ƙaton bututu baƙi da ƙafafu uku ya ja da baya ya gyara riƙon bindigarsa. Ya ce, "Wannan wane irin makami ne?" Na ce na kallon taurari ne. Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Sai idonsa ya faɗa kan kwat ɗin, ya tambayi mai shi. Na faɗi sunan Baba da garinmu. Nan take ya juya harshe zuwa C'lela, yarenmu, ashe ɗan Mahuta ne a ƙasarmu ta Zuru. Duk da haka ya ce aiki aiki ne, in haɗa ya gani. Na kafa madubin a bakin titi na saita shi kan wani tudu mai nisa. Ya leƙa ya ga akuya tana kiwo ƙafafu a sama, domin irin wannan madubi a kife yake nuna abu. Ya kira abokansa kowa ya leƙa, sannan suka taya ni mayarwa cikin akwati.

A Dabai na ajiye akwatin a gaban Baba na buɗe. Ya shafa bututun daga kai har gindi, ya ƙwanƙwasa ƙafafun, ya ce, "To, wannan ba labari ba ne." Na ce masa aro ne tukuna, sai na turo awo daga nan kafin shekara ta fita, in ba haka ba a zo a ɗauka a kai wa wata makaranta. Ya ce, "To me kake jira?"

Damina nake jira ta wuce. Duk watannin nan sama a rufe take, in ta buɗe da yamma sai hadari ya taso ana tsakiyar aiki. Na gwada a filin makaranta fitilun gari suka dame ni, na gwada a Dabai ruwa ya kore ni. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni labari nake cewa bai ƙare ba. Sai da aka fara yankan dawa sama ta wanke tas, shekara kuma ta zo gangara. Na duba lissafi na ga daren da wata duniya za ta gitta a lokacin da ya dace da mu, kuma na san in na rasa shi da wuya in sami wani mai kyau kamarsa.

Na kafa madubin a kan falalen dutsen da ke bayan gidanmu, inda ake shanya hatsi, da batirin sola. Baba ya ce sai an kai shi. Aka ɗora masa kwat ɗinsa, aka ajiye masa kujera daf da madubin, domin ya ce yana so hannunsa ya riƙa kaiwa ga ƙafarsa. Na ce ya taɓa dutsen amma kada ya taɓa ƙarfen, ya ce ya ji. Kyamara ta fara aiki, layi ya fara miƙewa.

Sanyin kaka ya sauko, Baba ya fara tari. Ban ankara ba sai ga Saratu ta fito daga gida da kaskon garwashi, ta durƙusa ta ajiye shi a gaban ƙafafunsa, kamar yadda kowace surukar kirki za ta yi. Ba ta tambaye shi ba. Ina kallon tauraron a kwamfuta ya fara kumbura yana rawa, duniyar kuma ta kusa shiga. A Maroko rashin sani ne, yanzu na sani sarai, amma ban san yadda ɗa zai ce a ɗauke wa mahaifinsa makaho wuta a cikin sanyi ba. Na tsaya kawai, raina yana ƙuna.

Baba ya miƙa tafin hannunsa ya ji ɗumin. Ya ce, "Saratu, wuta ce?"

"Ita ce, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Mayar da ita cikin gida."

"Baba, kana tari."

"Na yi gadi a inda ya fi nan sanyi. Mijinki ya ba ni labarin abin da wuta ta yi musu a kan dutse, shi kunya ta hana shi magana. Ɗauke, 'yata, ana awo."

Ta ɗauke. Tauraron ya koma ɗigonsa. Baba ya ja wuyan kwat ɗin ya rufe kunnuwansa, ya zauna a miƙe, yana danne tarinsa. Ɗige-ɗigen suka sauka, suka yi tafiyarsu a ƙasa, suka hau. Na bar kyamarar ta ci gaba har layin ya miƙe sosai sannan na tsayar. Wannan awon ne na tura wa Dakta Nadiya, ta amsa da kalmomin nan nata biyu, "Ya yi", ta ƙara da cewa madubi ya zauna a Zuru.

Amma a daren ban san amsarta ba tukuna, layin kawai nake kallo. Baba ya ce, "An gama?" Na ce an gama. Ya ce, "Yaya take?"

Sai na kama hannunsa, ya yi sanyi kamar dutsen, na buɗe tafin. Na ja yatsana a kai yadda layin awon ya yi, a miƙe, na gangara, na yi tafiya, na hau, na sake miƙewa.

Ya ce, "Sake."

Na sake, a hankali.

"Nan ta shiga," in ji shi, yana bin wurin da babban yatsansa. "Nan ta fita." Ya dunƙule hannun kamar an ba shi ajiya, ya daɗe a haka. Sannan ya juya wajen gida ya ce, "Saratu, yanzu kawo wutar nan, na daskare."